Wa Ke Ɗaure Damin da Muke Kallo?

A watan Yulin 2024, kamfanonin Disney da Warner Bros. Discovery, waɗanda suka shafe shekaru masu yawa suna gogayya da juna a kasuwar fina-finai ta Amurka, suka fara sayar da manhajojinsu uku na kallo ta intanet, wato Disney+ da Hulu da Max, a ƙunshi guda a kan Dala 16.99 a wata, ga wanda ya yarda a riƙa katse masa kallo da tallace-tallace. Wata biyu kafin nan, kamfanin Comcast ya fito da nasa ƙunshin, inda ya haɗa Peacock da Netflix da Apple TV+ a kan Dala 15 ga abokan cinikinsa. Idan ba a manta ba, miliyoyin Amurkawa sun rabu da talabijin na kebul ne domin su huta da biyan kuɗin tashoshi ɗari alhali biyar kacal suke kallo. Sai ga shi an zagaya an dawo da su inda suka baro, an gudu ba a tsira ba.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Kano ko Kaduna ko Sakkwato da cinikin da ake ƙullawa a wata uwa duniya. Da ruwansa kuwa, domin a gidajen ma'aikata da yawa na biranenmu akan ware wani abu a ƙarshen wata don DStv ko GOtv ko StarTimes, wasu kuma su ƙara da Netflix ko Prime Video a wayar hannu. Sai dai duk lokacin da aka tayar da maganar waɗannan kamfanoni a ƙasar nan, a kan farashi take tsayawa. A 2020 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti da nufin tilasta wa masu talabijin na tauraron ɗan'adam su riƙa karɓar kuɗi gwargwadon abin da mutum ya kalla. A 2025 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye da sa ido kan gasar kasuwanci, wato FCCPC, ta yi takun-saƙa da MultiChoice kan ƙarin kuɗi. Ba mu raina wannan fafutika ba, ganin halin da aljihun jama'a ke ciki. Amma a ganinmu akwai tambayar da ta fi ta farashi nauyi, wadda ba a cika yin ta ba: wane ne ya mallaki abin da ke cikin ƙunshin, kuma me wannan mallaka ke yi wa abin da ake shirya mana mu kalla?

Duk wanda ya tashi a karkara ya san cewa mai ɗaure dami shi ke zaɓar zangarniyar da za ta shiga ciki. Idan dillali ne da ke saye daga gonaki daban-daban, zai nemi mai kyau duk inda take, domin sunansa a kasuwa shi ne jarinsa. Idan kuwa mai gona ne da kansa, to amfanin gonarsa zai fara ɗaurewa, mai ido da marar ido, kuma sai wuri ya rage zai tuna da na maƙwabci. Abin da ya faru a kasuwar kallo ta intanet ke nan, musamman daga 2019: dillalai sun sayi gonaki, masu gonaki kuma sun buɗe nasu rumfunan a kasuwa.

Wannan ba sabon ciwo ba ne ga Amurkawa. A shekarun 1930 da 1940, manyan kamfanoni biyar, wato Paramount da MGM da Warner Bros. da 20th Century Fox da RKO, su ne ke shirya fim, su ne ke rarraba shi, kuma su ne masu manyan gidajen sinima na birane. Mai ƙaramar sinima da ke son fim guda na fitaccen jarumi, sai a ce masa ba a ba da shi shi kaɗai, dole ya haɗa da wasu fina-finai da dama, waɗanda sau da yawa bai gan su ba, wasu ma ba a gama ɗaukarsu ba. A watan Mayun 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa wannan cinikin dole ya saɓa wa dokar hana babakere, kuma daga nan aka tilasta wa kamfanonin rabuwa da gidajen sinimarsu. A 1970 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta shimfiɗa makamanciyar wannan ƙa'ida ga talabijin, inda ta taƙaita wa manyan tashoshi uku na lokacin, ABC da CBS da NBC, mallakar wasannin da suke nunawa da dare. A inuwar wannan ƙa'ida ne furodusoshi masu zaman kansu irin su Norman Lear suka bunƙasa da wasanni kamar The Jeffersons da Good Times, waɗanda suka taɓo wariyar launin fata da rayuwar talakan baƙar fata a gidan talabijin.

Sannu a hankali aka rushe waɗannan shingaye. Zuwa 1995 an soke ƙa'idar talabijin gaba ɗaya, kuma a cikin wannan shekara ce Disney ya sanar da sayen ABC a kan Dala biliyan 19. A watan Agustan 2020 kuma wata kotun tarayya a New York ta amince da buƙatar Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kawo ƙarshen sharuɗɗan da suka biyo bayan hukuncin 1948, bisa hujjar cewa kasuwa ta sauya. Dama can waɗannan sharuɗɗa ba su taɓa hawa kan masu nuna fim ta intanet ba. Saboda haka sabuwar kasuwar ta tashi ne ba tare da wani shinge tsakanin mai shirya fim da mai kai shi gaban ɗan kallo ba.

Lokacin da Netflix ya fara nuna fina-finai ta intanet a 2007, dillali ne tsantsa. Hayar fina-finai da wasannin talabijin yake yi daga Disney da Warner da Universal da sauransu, ya tara su a rumbu ɗaya, mai kallo ya biya kuɗi kaɗan ya zaɓa. Da masu kayan suka ga dillalin ya fara fin su ƙiba, sai suka janye. A watan Agustan 2017 Disney ya sanar da cewa zai daina ba Netflix sababbin fina-finansa, kuma a watan Nuwamban 2019 ya buɗe Disney+. Kafin nan ya riga ya cika rumbunsa: ya sayi Pixar a 2006 a kan Dala biliyan 7.4, da Marvel a 2009 a kan kimanin biliyan 4, da Lucasfilm mai Star Wars a 2012 a kan kimanin biliyan 4, sannan mafi yawan kadarorin 21st Century Fox a 2019 a kan biliyan 71.3. Warner ya ɗauke wasan Friends daga Netflix na Amurka a ƙarshen 2019 ya kai shi HBO Max, NBCUniversal ya ɗauke The Office ya kai shi Peacock a farkon 2021. Amazon ya kammala sayen MGM a 2022 a kan kimanin Dala biliyan 8.5. Shi kansa Netflix, da ya hango inda aka dosa, ya fara ba da kwangilar shirye-shirye da sunansa tun 2013, daga baya ya koma shirya su da mallakarsu kacokan, kamar yadda ya yi da Stranger Things a 2016. A ƙarshen 2025 ma sai da Netflix da Paramount suka shiga takarar sayen Warner Bros. ɗungurungum.

Illa ta farko da wannan tsari ya haifar ita ce maimaici. Kamfanin da ya zuba biliyoyin Daloli wajen sayen jarumai da labarai dole ne ya tatse su har sai kuɗinsa ya fito. Shi ya sa Disney+ ya buɗe da The Mandalorian daga gidan Star Wars, sannan daga 2021 ya riƙa jero wasannin Marvel ɗaya bayan ɗaya. A watan Yulin 2023 shugaban Disney, Bob Iger, ya amsa da bakinsa cewa yawan wasannin da aka ɗora wa Marvel ya raba hankalin masu aikin. Misalin Paramount ya fi wannan fito da abin fili. Kamfanin ya ba Peacock hayar nuna shahararren wasansa Yellowstone ta intanet tun kafin ya tsayar da tasa manhajar, Paramount+. Da ya ga bijimin yana garken wani, sai ya sa aka shirya masa 1883 a 2021 da 1923 a 2022, labaran kakannin iyalin da ke cikin Yellowstone, domin waɗannan nasa ne, a manhajarsa za su zauna. Ba mu ce wasannin ba su yi kyau ba. Abin lura shi ne takardar mallaka ce ta haife su. Marubucin da ya zo da sabon labari, wanda ba ya da uwa ko uba a rumbun kamfani, shi zai tsaya a bayan layi.

Illa ta biyu ita ce ɓacewa. A watan Afrilun 2022 aka haɗe WarnerMedia da Discovery, sabon kamfanin ya tashi da bashin kimanin Dala biliyan 50 a wuyansa. A watan Agustan shekarar ya sanar da cewa ba zai saki fim ɗin Batgirl ba, alhali an gama ɗaukarsa, an kuma kashe masa kimanin Dala miliyan 90. A watan Disamba aka cire wasan Westworld daga HBO Max, gidan da aka san shi da shi. A watan Mayun 2023 Disney ya kwashe gomman fina-finai da wasanni daga Disney+ da Hulu, ciki har da Willow da bai wuce wata shida da fitowa ba, sannan ya rubuta asarar Dala biliyan 1.5 a littafinsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Muddin wasa yana kan manhaja akwai kuɗin da ake ci gaba da biya a kansa, na 'yan wasa da marubuta da kiɗa. Idan aka cire shi kuwa, a daina biya, sannan a lissafa shi cikin asara, haraji ya ragu. A zamanin kaset da faifai, wanda ya sayi fim ya mallake shi, ko kamfanin ya rushe fim ɗin yana nan a ɗakinsa. Mai biyan kuɗin wata kuwa ɗan haya ne, kuma idan mai shirya fim da mai nuna shi mutum ɗaya ne, ranar da ya ga dama ya rufe ƙofa babu wata rumfar da za a je a nema.

Illa ta uku ta faɗa kan masu aikin ne. A da, wasan da ya karɓu akan sayar da shi ga wasu tashoshi da wasu ƙasashe a kasuwa buɗaɗɗiya, farashi ya fito fili, marubuci da ɗan wasa su karɓi kasonsu duk lokacin da aka maimaita. Yanzu kamfani hannunsa na dama ke sayar wa na hagu, shi ke yanka farashi, shi kaɗai ke da alƙaluman masu kallo. A watan Yulin 2021 jaruma Scarlett Johansson ta kai Disney ƙara, saboda an saki fim ɗinta Black Widow a Disney+ rana ɗaya da sinima, alhali wani ɓangare na ladanta ya rataya ne a kan cinikin tikiti. Daga baya aka sasanta a wajen kotu. Wasan Squid Game na Koriya ta Kudu, wanda rahotanni suka ce Netflix ya kashe masa kimanin Dala miliyan 21 a 2021, ya zama abin kallon duniya, amma haƙƙin mallakarsa na kamfanin ne, kuma marubucinsa Hwang Dong-hyuk ya shaida wa 'yan jarida a lokacin cewa abin da ke cikin kwangilarsa ta farko shi aka biya shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan na daga cikin manyan dalilan da suka sa marubutan Hollywood suka yi yajin aiki na kwana 148 a 2023, 'yan wasa kuma na kwana 118. Sai bayan nan ne aka amince da ƙarin lada ga wasan da ya samu masu kallo da yawa, kuma a watan Disamban shekarar Netflix ya fara buga alƙaluman kallo na dubban shirye-shiryensa.

Illa ta huɗu, wadda ta fi shafar 'yancin tunani, ita ce sauran harkokin mai gida. Da yawa daga cikin masu waɗannan manhajoji fim ba shi ne babbar sana'arsu ba. Amazon ɗan kasuwa ne mai aika kaya gida, kuma Prime Video ɗaure yake da rajistar aika kaya. Jeff Bezos da kansa ya faɗa a 2016 cewa lambar yabo da wasanninsu ke ci tana taimaka musu wajen sayar da takalma. Apple mai sayar da waya ne, kuma yawancin wayoyinsa a ƙasar Sin aka daɗe ana harhaɗa su. A watan Oktoban 2023 shirin da ɗan barkwancin siyasa Jon Stewart ke gabatarwa a Apple TV+ ya tsaya, kuma a watan Afrilun 2024 Stewart ya bayyana a talabijin cewa Apple ya nemi kada ya yi hira da Lina Khan, shugabar hukumar hana babakere ta Amurka a wancan lokaci. Lokacin da aka buɗe Disney+ a Hong Kong a watan Nuwamban 2021, masu kallo sun lura cewa babu kashin wasan The Simpsons da ya yi shaguɓe kan dandalin Tiananmen, kuma kowa ya san Disney yana da wuraren shaƙatawa a Hong Kong da Shanghai. A watan Yulin 2025 Paramount ya amince ya biya Dala miliyan 16 don kashe ƙarar da Shugaba Donald Trump ya shigar kan shirin 60 Minutes na CBS, a daidai lokacin da yake jiran amincewar gwamnati kan haɗewarsa da Skydance, amincewar da ta zo kafin watan ya ƙare. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

To me ya sa aka koma ɗaure manhajoji a dami? Saboda mai kallo ya gano dabara: ya biya wata guda, ya kalli wasan da yake so, ya fice. Dami maganin wannan ficewa ne. Uba ba zai yanke ba saboda ƙwallo, yara ba za su bari ba saboda zanen barkwanci, uwar gida kuma tana da wasan da take bi. Ragin da ake yi wa mai saye gaskiya ne, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ya bayar a madadin ragin shi ne ikonsa na hukunta kamfani ta hanyar ficewa. Idan kuɗi ɗaya ake biya a kan komai, babu yadda mai kallo zai nuna cewa wannan yake so, wancan ba ya so, sai abin da kamfani ya karanta a alƙalumansa na sirri ya fassara yadda ya dace da shi.

Adalci ne a faɗi cewa dami yana da nasa alherin. Kuɗin da babban shiri ya jawo yakan ɗauki nauyin ƙarami. Tashar FX, mallakar Disney, ita ta shirya Shogun a 2024, wasan da mafi yawan maganganunsa da Japananci aka yi, kuma ya lashe lambobin Emmy 18. A nan gida ma, tashar Africa Magic Hausa da MultiChoice ya buɗe a 2010 ta rayu ne a cikin ƙunshin da ƙwallon Turai ke jan ragamarsa. Sai dai abin da aka samu albarkacin dami alfarma ce daga mai dami, kuma wanda ya yi alfarma yana iya janye ta ba tare da ya nemi shawarar kowa ba.

Afirka ta riga ta ɗanɗana wannan. Netflix ya iso Nijeriya a watan Janairun 2016, kuma bisa rahoton da ya fitar da kansa a 2023, abin da ya zuba a Afirka ta Kudu da Kenya da Nijeriya daga 2016 zuwa 2022 ya kai Dala miliyan 175, wanda kason Nijeriya a ciki bai wuce kimanin miliyan 23 ba. Wato kuɗin da Warner ya binne a fim ɗaya da bai saki ba ya ninka wannan kusan sau huɗu. A shekarar ce kuma Netflix ya yi wa Koriya ta Kudu alƙawarin Dala biliyan 2.5 cikin shekara huɗu. Amazon ya buɗe Prime Video na Nijeriya a watan Agustan 2022 da ganga da algaita, ya saki Gangs of Lagos a 2023, sannan a watan Janairun 2024 ya dakatar da ba da kwangilar sababbin fina-finai a Afirka da Gabas ta Tsakiya, ya mayar da hankali Turai. Ba don 'yan fim na Legas sun gaza ba ne, lissafin hedikwata ne ya sauya. A 2023 NBCUniversal ya karɓi kashi 30 cikin 100 na Showmax, aka sake ƙaddamar da manhajar a watan Fabrairun 2024 a kan fasahar Peacock. A watan Satumban 2025 kuma kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓe ragamar MultiChoice. Shi Canal+ ɗin shi ne mai StudioCanal, shi ya sayi kamfanin shirya fina-finai na ROK na Legas a 2019, kuma shi ne ya daɗe da riƙe kasuwar ƙasashe rainon Faransa. Ma'ana, Bahaushen Maraɗi da ke kallon Canal+ da ɗan'uwansa na Katsina da ke kallon DStv, aljihu ɗaya kuɗinsu ya koma shiga.

Ga harshen Hausa, wannan magana ce ta rayuwa. Kamfanin da ke son mallakar fim har abada, ya nuna shi a ƙasashe sama da ɗari, zai fi son harshen da ba ya buƙatar fassara da yawa da fuskar da ya riga ya sani. Fim ɗin Amina, labarin Sarauniyar Zazzau da Netflix ya nuna a 2021, da Turanci aka yi shi. Lionheart na Genevieve Nnaji, wanda Netflix ya saya a 2018, an cire shi daga takarar Oscar ta fina-finan ƙasashen waje a 2019 saboda Turancinsa ya rinjayi Ibonsa. Alhali kuwa The Milkmaid a 2020 da Mai Martaba a 2024, waɗanda Hausa ce ginshiƙinsu, su Nijeriya ta tura wa wannan gasa, abin da ke nuna cewa harshen bai gaza ɗaukar babban fim ba. Fim kuma taska ce ta harshe. A cikinsa ake jin karin Sakkwatanci da Kananci da Zazzaganci, da salon gaisuwa da zambo da karin magana na wani zamani, abubuwan da ƙamus ba ya iya riƙewa. Idan aka sayar da irin wannan fim kacokan ga kamfanin da gobe zai iya cire shi don rage haraji, ba mai fim kaɗai ya yi asara ba.

Mu ma muna da namu tarihin da ya isa ya zame mana darasi. Fina-finan Indiya sun shiga jinin Hausawa ne tun daga shekarun 1950, saboda 'yan kasuwa Kwarori, waɗanda ke riƙe da gidajen sinima da rarraba fim a Kano da sauran birane, su suka zaɓi shigo da su. Wannan zaɓi na 'yan kasuwa shi ya tsara kunne da idon al'umma, har aka ga tasirinsa a fina-finan Hausa na bidiyo bayan Turmin Danya na 1990. Daga baya dillalan kaset na Ƙofar Wambai suka zama masu faɗa a ji, kuma 'yan fim da yawa sun sha kokawa cewa fim marar rawa da waƙa ba ya samun mai ɗauka. Tashar Arewa24, wadda aka kafa a 2014 da tallafin gwamnatin Amurka ta hannun ƙungiyar Equal Access kafin daga baya ta koma kamfani mai zaman kansa, ita ma mai shiryawa ce mai nunawa, kamar yadda aka gani a Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Da kasuwar faifai ta mutu, da yawa sun koma YouTube da fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina. A can mai fim yana riƙe da mallakarsa, wannan ci gaba ne, amma tun da talla ce ke biya, kuma tsawon kallo ne ke jawo talla, sai aka koma jan labari kamar ƙosai a bakin marar haƙori. Ko'ina aka duba, mai riƙe da ƙofar kasuwa shi ke tsara surar kayan.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya da FCCPC da Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, NBC, da su ɗaga ido daga farashi kaɗai su dubi mallaka. Ya kamata doka ta wajabta wa duk kamfanin da ke karɓar kuɗin wata daga 'yan Nijeriya ya bayyana a kowace shekara nawa ya kashe wajen sayen shirye-shirye daga furodusoshi masu zaman kansu, kuma da waɗanne harsuna. Wannan ba baƙon abu ba ne. Tun 2018 Tarayyar Turai ta wajabta wa manhajojin kallo su ware aƙalla kashi 30 cikin 100 na rumbunsu ga ayyukan Turai, kuma a 2021 Faransa, gidan Canal+, ta wajabta musu zuba aƙalla kashi 20 cikin 100 na cinikin da suka yi a ƙasar cikin fina-finan Faransa da na Turai. Abin da kamfani ya yarda da shi a gidansu, bai kamata ya zama abin jayayya a gidanmu ba.

Muna kuma kira ga 'yan fim na Arewa da ƙungiyarsu ta MOPPAN da su yi karatun ta-natsu kafin sa hannu a kowace takarda. A ba da haya na shekaru ƙayyadaddu a maimakon sayarwa har abada. A rubuta cewa idan kamfani ya cire fim daga manhajarsa, haƙƙin nuna shi ya dawo ga mai shi. A nemi a riƙa nuna wa mai fim alƙaluman masu kallonsa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ba za ta ceci wanda ya sayar da haƙƙinsa da hannunsa ba. Akwai abin koyi a wurin Sony, wanda ya ƙi shiga tseren buɗe babbar manhaja irin ta Disney, ya riƙe fina-finansa, a 2021 ya ƙulla yarjejeniyar ba Netflix da Disney hayarsu na wasu shekaru. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga attajiranmu da ke tunanin kafa manhajar kallo ta Hausa, shawararmu ita ce su zama dillalai na gari masu buɗe rumfa ga kowane mai kaya, kada su maimaita kuskuren da muka zayyana a sama ta hanyar cika rumbu da nasu da na yaransu. Ga jami'o'inmu da ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos kuwa, lokaci ya yi da za a tsara yadda kowane fim na Hausa zai samu kwafi a wurin da ba ruwansa da ribar wani, domin kaset-kaset na shekarun 1990 da yawa sun riga sun zama abin cigiya.

Shi kuwa mai kallo, duk ranar da aka yi masa tallar sabon ƙunshi mai rahusa, ya dace ya duba sunayen da ke ƙarshen fina-finan ya ga ko gona nawa aka ɗebo su. Amurkawa sun yi shari'a ta shekara goma kafin su raba mai shirya fim da mai sinima a 1948, sannan suka bari shingen ya rushe, suna ji suna gani. Gemun maƙwabci ya kama da wuta, namu kuma bai yi nisa da shi ba. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su ankara.